Amfiya Shida

Talata, 6 ga Mayu

Mun dawo daga wankin ƙodar Baba ƙarfe biyar da 'yan mintuna. Kilomita saba'in da takwas zuwa, saba'in da takwas dawowa, batir ya sauka zuwa kashi 16. Daidai lissafina. Wata bakwai ke nan ina bin hanyar nan duk Talata da Juma'a, har na haddace ramukanta.

Baba ya yi barci tun daga gada. Da ya farka sai ya ce har yanzu bai yarda da motar da ba ta tari ba. Shekara talatin da huɗu yana jan babbar mota, da kunne yake gane ciwon inji, ga shi 'yarsa ta ɗora shi a kan motar lantarki da ko gyaran murya ba ta yi. Bebiya yake ce mata. Sunan ya bi ta, har ni na fara kiranta haka.

Ina jona caja ruwa ya sauko da iska, na farkon bana. Rumfar motar ba ta kai bango ba, sai feshin ya riƙa dukan akwatin cajar, ɗan baƙin akwatin nan da ke tsakiyar wayar, wanda na rataye a ƙusa. Na fita da tsumma ina gogewa ina faɗa, ban ma san da wa nake ba. Na dai tuna na ce in ruwa ya kashe akwatin nan, to Baba ba shi da asibiti, kowa ya ji. Inna na tsaye a bakin kicin da murfin tukunya a hannu. Ta juya ta koma ciki.

Daga baya na duba takardarsa, ashe an yi shi ne don ya jure ruwan sama. Faɗan banza na yi.

Bayan magariba na ji ƙarar keken ɗinkin Inna. Rabon da ta taka shi tun kafin ciwon Baba. Na ji daɗi.

Laraba, 7 ga Mayu

Kashi 45 da safe, maimakon ɗari. Na tambayi Inna ko an ɗauke wuta, ta ce ita dai ba ta ji fanka ta tsaya ba. Na tafi makaranta a haka.

Alhamis, 8 ga Mayu

Kashi 54. Yau na tsaya na karanta allon motar da kyau: an rage ƙarfin caji. Manhajar da ke wayata ta nuna amfiya 6, alhali 16 ta saba sha.

Bari in rubuta wa kaina yadda zan yi wa 'yan aji uku bayani. Amfiya kamar ƙarfin zubar famfo ne. A 16, bokitin ya cika kafin gari ya waye. A 6 kuwa ɗigo ne, a kwana ɗaya abin da ke shiga bai kai kashi talatin ba. Makaranta zuwa da dawowa tana cin ashirin. Asibiti tana cin 84. Ba sai malamar lissafi ta faɗa ba, Juma'a ce matsalar.

Na taɓa akwatin, sanyi ƙalau. Na taɓa fulogi, haka. Takardar da na manna saman soket tana nan, KADA A TAƁA, da jan biro. Na manna ta ne tun ranar da Inna ta zare cajar don ta yi guga. Sau ɗaya ta yi, na kuma yi mata magana irin wadda ba a yi wa uwa. Tun daga ranar ko shara take yi sai ta kewaye wurin.

Juma'a, 9 ga Mayu

Mun fita da 63. A dawowa na ratse tashar cajin da ke babbar mararraba, muka yi minti hamsin. Baba ya zauna a mota da ƙofa a buɗe yana kallon manyan motoci, yana faɗa mini wacce ce za ta kwana a hanya.

Muna tashi ya ce, "Auta, kada yayanki ya ji."

Da ma ba ni da niyya. Tun ranar da likita ya ce wanki sau biyu a mako, Yaya ya ce Baba ya koma wurinsa, minti goma ne tsakaninsa da asibiti. Magana ce mai hankali, shi ya sa take ba ni haushi. Gidan Yaya hawa na biyu ne, gwiwoyin Inna kuwa ko dakalin ƙofarmu sai da dabara. In Baba ya koma can, shi kaɗai zai koma. Ni na miƙe a falo na ce zan riƙa kai shi, ba na bukatar taimakon kowa. Na rabu da tsohuwar motata na kawo Bebiya, na je na roƙi shugabar makaranta ta kwashe mini darussan Talata da Juma'a. Yaya ya ce, "To, Injiniya, mu gani." Wata bakwai yana jiran ya gani.

Asabar, 10 ga Mayu

Na ware yau don Bebiya. Ƙarfe tara na jona, na ɗauko kujera da takardun gwajin 'yan aji biyu na zauna a rumfa.

Abin da na yi:
Na warware wayar gaba ɗaya, don an ce naɗaɗɗiyar waya tana ɗaukar zafi.
Na hure ramin cajin motar, na leƙa da tocila. Babu tsatsa, babu ƙwaro.
Na duba ƙafafun fulogi, ba su yi baƙi ba.
Na shiga saitin motar, iyakar tana kan 16, ba wanda ya sauke ta.
Na kunna hita da dutsen guga da injin ruwa gaba ɗaya don in ga ko za ta ji. Ko a jikinta.

Awa shida tana shan 16 kamar ba ita ba. Na gama takardu arba'in da ɗaya, yara goma sha tara ba su san bambancin kewaye da faɗin fili ba, motar kuma ta cika.

Inna ta kawo mini ruwa sau biyu. Ta tsaya nesa tana kallon akwatin ta ce, "Yana lafiya?" Na ce lafiya lau, ta je ta huta.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ina jin naɗin wayar ne. Shi ke nan.

Talata, 13 ga Mayu

Ba shi ba ne. Saƙon ya dawo a allo da safe. Ta dai cika saboda da ma ba ta yi ƙasa sosai ba jiya. Asibiti lafiya. Sista mai tabarau ta ce nauyin Baba ya yi daidai, a ci gaba da rage gishiri. Baba ya ce mata in aka ƙara ragewa sai dai ya riƙa lasar hoton gishirin.

Ya ce ɗakin wankin sanyi ya yi masa yawa, hannun da ake sa wa allura har tsami yake yi a kan ƙarfen kujera. In tuna in nemo masa wani abu.

Laraba, 14 ga Mayu

44. Na yi niyyar in zauna jiya in tsare ta, barci ya sace ni tun kafin tara.

Na kira mai gyaran wutarmu. Ba-Matsala ake ce masa a layin nan, don ko gidanka na ci da wuta abin da zai fara faɗa ke nan. Ya ce gobe da la'asar, ba matsala.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ba-Matsala ya zo da jakarsa. Ya auna soket, mitarsa ta nuna 229. Ya buɗe babban akwatin wutar gidan ya bi sukurori ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance soket ɗin rumfa ya ce waya ɗaya ta ɗan yi sako-sako, kuma irin haka yana sa wuri ya yi zafi, caja ta ja baya. Ya canja soket ɗin ɗungurum, ya ɗaure har yana nishi. Muka jona, muka tsaya awa guda cur. Amfiya 16, ba ta motsa ba.

"Malama, an gama. Ki yi barcinki."

Baba ya fito da sandarsa ya zauna yana kallo. Ya tambaye shi ko ya taɓa gyara abin da ba ya ƙara. Ba-Matsala ya ce ai shi duk aikinsa shiru ne, ranar da ya yi ƙara an shiga uku.

Da za shi wanke hannu ya bi ta falo, ya tsaya yana dariya. Talabijin da rigarsa, rimot da rigarsa, fanka ta tsaye da hularta, butar shayi, injin awon jinin Baba, har kwalin tishu. Shekara arba'in Inna tana ɗinki, da idonta ya rage sai ta daina yi wa mutane ta koma yi wa kaya. Yaya yakan ce in ka daɗe zaune a falonmu ba ka motsa ba, za ka ji tef a kafaɗarka. Ba-Matsala ya ce, "Inna, ni ma jakata tana so." Ta yi murmushi ta shige ɗaki.

Na saki raina. Har na ci abinci a zaune.

Juma'a, 16 ga Mayu

Zan rubuta yadda ya faru kawai.

Kashi 70 da safe, saƙon yana allo. Na tsaya ina kallonsa, na ji kamar in ɗauki dutse. Babu lokacin komai, ƙarfe tara ake sa Baba a inji. Na ce za mu yi yadda muka yi wancan makon.

Mun fito asibiti ƙarfe ɗaya da rabi. Mun iso mararraba da kashi 11. Injin caji biyu ne a tashar, ɗaya an rufe shi da leda an rubuta ya lalace, ɗayan kuma mota huɗu ke layi. Rana tsaka. Na kashe sanyin mota don kada in ƙarar da abin da ya rage. Wanda aka yi wa wanki ba ya son jira, jikinsa a sake yake, ga shi ba dama ya sha ruwa yadda yake so. Wajen uku Baba ya ce kansa na juyawa. Uku da rabi ya yi amai a gefen ƙofa, ya jingina, idonsa ya yi sama, na kira shi sau uku kafin ya amsa. Na kwantar da kujera na ɗaga ƙafafunsa. Wata mata da ke layi ta riƙa yi masa fifita da kwali.

Na kira Yaya. Da farko lambar shugabar makaranta na danna bisa kuskure.

Cikin minti arba'in ya iso. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗauki Baba cak ya sa a motarsa, ya mai da shi asibiti aka duba shi, jininsa ne ya sauka. Daga can ya wuce da shi gidansa. Abin da kawai ya ce mini ta taga shi ne, "Ran uba ba darasin gwaji ba ne, Auta. Yana wurina. In kin gano abin da ke damun motarki, kin tabbatar, sai mu yi magana."

Na iso gida ana kiran magariba, ni kaɗai. Inna ta leƙa kujerar gaba, ta leƙa ta baya. Ta riga ta jera masa tirensa, an rufe da kyalle.

Da na hau bas zuwa makaranta Laraba da Alhamis, da duk wannan bai faru ba. Ban hau ba saboda na yarda za a gyara, kuma saboda ba na so a gan ni a tasha a ce ina motar. Gaskiyar ke nan.

Asabar, 17 ga Mayu

Na kai Bebiya garejin da na saye ta. Makanikin ya jona kwamfutarsa, ya daɗe yana gungurawa. Ya ce batir lafiya, na'urar cajin cikin motar lafiya. Ya ce ba motar ce ke ƙin sha ba, akwatin ne ke ce mata ta rage. Akwai ma'aunin zafi a cikinsa, in ya ji ya yi zafi sai ya sauka zuwa shida don kada ya ƙone, kuma ba ya komawa sama sai an zare an sake jonawa.

Na ce kullum da safe ina taɓa shi, sanyi ƙalau.

Ya ce, "Hajiya, da safe ai ya huce. Da yaushe yake sauka?"

Ban sani ba. Kwana goma ina bin abu, ban taɓa tambayar da yaushe ba. Ni da nake cire wa yara maki in ba su rubuta abin da aka ba su ba kafin su fara lissafi. Ya nuna mini wani shafi a manhajar da ban taɓa buɗewa ba, inda take ajiye tarihin kowane caji. Ya gwada akwatin a soket ɗinsu awa biyu, bai sauka ba.

Baba ya kira da yamma. Ya ce matar Yaya tana kula da shi kamar ƙwai, jikoki sun hana shi sakat, amma katifar ta yi laushi. Ya ce a ba shi Inna. Na miƙa mata na fita. Ta ƙofa na ji tana cewa, "Ka sa safa." Shi ke nan abin da na ji.

Ba ta ci abincin dare ba. Ni ma haka.

Lahadi, 18 ga Mayu

Da safe na zauna da takardar zane na kwafe tarihin. Ina jonawa wajen takwas. Kullum tana shan 16 har wajen goma saura kwata, sai ta faɗo 6. Kullum, da bambancin minti biyar ko goma. Ranakun da ba ta faɗo ba su ne waɗanda nake zaune a gabanta, ko Ba-Matsala, ko makaniki. Na rubuta a ƙasan takardar: abin da ke faruwa yana faruwa ne in ba na nan. Na ja layi biyu.

Na fita na sake duba akwatin, wannan karon da tabarau. A jikin ƙusar da yake rataye akwai ɗan zare kore, guntu, ya maƙale. Na cire na jefar. Ban kawo komai a raina ba, gidanmu ko a cikin shinkafa kana iya samun zare.

Bayan azahar hadari ya haɗo ta gabas. Na ce bari in gwada da rana ba tare da na zauna ba. Na jona ƙarfe biyu, na ce wa Inna zan shiga in yi makin jarrabawa kada a tashe ni, na ja ƙofa, na ajiye waya a gabana. Uku saura minti goma lambar ta faɗo. Shida.

Na fita ba takalmi.

Akwatin yana sanye da riga. Koren yadi mai kauri, na tsohuwar jaket ɗin aikin Baba, na gane aljihun. An yi mata zif a gefe, an bar ƙofa sama da ƙasa daidai kaurin waya, an bi bakin da baƙin zare. Daidai jikinsa, ko yatsa ba zai shiga ba. Na zuge zif ɗin. Ciki soso ne mai kauri, an shimfiɗa masa leda. Akwatin da na taɓa sai da na janye hannu.

Na daɗe a tsaye da ita a hannu. Abin da ya fara zuwa bakina ba zan rubuta shi ba. Na shiga ɗakin Inna da shi a kan harshena.

Tana zaune bakin gado a gefen da Baba yake kwana. Ta ga rigar. Ta ce, "Ban taɓa wayar ba, Auta. Wallahi ko fulogin ban taɓa ba. Akwatin kawai."

Na ce tun yaushe.

"Tun ranar ruwan nan. Ke kika ce in ruwa ya kashe shi Babanki ba shi da asibiti. In kin shiga ɗaki sai in sa masa, da asuba in cire kafin ki fito, don kin ce kada a taɓa. Mutum yana barci ai bai san sa'ad da ruwa zai zo ba."

Da ido ta auna shi, daga nesa, tana shara. Ba ta ko sa masa tef ba.

Na ce mata zafi yake ji a ciki, shi ya sa yake rage wutar. Na faɗa a hankali iya yadda zan iya. Ta dube ni, ta dubi rigar, na ga lissafin yana shiga. Inna ba ta yi boko mai nisa ba amma ba a yi mata bayani sau biyu.

"To ni ce na sa aka riƙe Babanki a can."

Na ce a'a. Ta ce, "Kada ki yi mini a'a, ni na haife ki."

Sai na gaya mata abin da ban gaya mata ba tun ranar 6 ga wata, cewa a daren nan na karanta takardar na ga ruwa ba ya yi masa komai. Na sani, na yi shiru, don ban ga dalilin da zan koma in yi wa kowa bayani ba. Wata bakwai mijinta yana ciwo, na hana ta zuwa asibiti saboda gwiwa, na karɓe maganinsa, na karɓe awon abincinsa, na karɓe motar, na manna takarda. Abin da na bar mata shi ne tire da kyalle. Wannan ban faɗa mata ba, a nan nake faɗa.

Ruwan ma bai sauko ba, hadarin ya wuce.

Litinin, 19 ga Mayu

Kashi 100. Amfiya 16 daga farko har ƙarshe.

Na kira Yaya daga makaranta na ce na gano, akwatin ne ba ya samun iska. Ya ce me ya hana shi samun iska a rumfar da ba ta da bango uku. Na ce wani abu ne ya rufe shi. Ya ce wane abu. Na ce na dai gyara. Ya ce, "Haka kika ce ranar Alhamis." Ya ce shi zai kai Baba gobe, kada in wahalar da kaina.

Ba zan ba da sunan Inna ba. Yaya ba mugu ba ne amma bakinsa ba ya riƙe abu, har jikoki sai sun ji.

Talata, 20 ga Mayu

Talatar farko cikin wata bakwai da ban yi hanya ba. Na rasa abin yi da kaina, na wanke motar da ba ta yi datti ba.

Da la'asar Inna ta ce in kira mata yayana. Na ce me za ta ce masa. Ta ce, "Ke dai danna." Na danna na ba ta, ban fita ba.

Ta ce, "Ni ce. Riga na ɗinka wa abin cajin, da soso, shi ya hana shi numfashi. Ƙanwarka tana rufa mini asiri ne. Motarta ba ta da laifi, ita ma ba ta da shi, sai na baki." Sai na ji muryar Baba daga can yana tambaya me aka ce. Yaya ya maimaita masa. Dariyar Baba har ta fito ta wayar, ya yi ta har da tari, yana cewa ai ya sha faɗa, wata rana sai ta ɗinka wa rijiya hula. Inna ta ce, "Ka gama? To ka dawo gida."

Yaya ya ce a ba shi ni. Ya ce in turo masa hoton allo kwana uku a jere. Sannan ya ce yana da sharaɗi: Juma'a ɗaya ni, Juma'a ɗaya shi, zai zo ya kwana nan ranar Alhamis ya ɗauke shi da safe. Na ce ba na bukata. Ya ce bai tambaye ni ko ina bukata ba. Na ce zan duba.

Laraba, 21 ga Mayu

100. Na tura hoto.

Ba-Matsala ya zo ya kafa ɗan kwano saman akwatin, taku biyu, buɗe ta ko'ina. Na ce masa ba a bukata, takarda ta ce yana jure ruwa. Inna ta ce takarda ba ta taɓa kwana a waje ba. Ita ta tsaya a kansa tana cewa ya ɗaga nan, ya sauke can, ya karkace. Da ya ji labarin rigar ya riƙe baki ya ce, "Inna, da akwatin nan ba shi da wayo, da yanzu muna maganar gobara." Karo na farko da na ji bai ce ba matsala ba.

Na nuna mata inda lambar take fitowa a fuskar akwatin. Na ce in ta ga 16 lafiya, in ta ga ƙasa da haka ta buga mini ƙofa ko ina barci. Ta matso da ido ta ce, "Sha shida." Ta ce ai wannan a tef ɗinta bai kai ƙugun yaro ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

100.

Juma'a, 23 ga Mayu

100, hoto na uku. Na je asibiti na same su an riga an sa shi a inji. Yaya ya miƙo mini jakar kayan Baba, da zai tafi ya ce, "Sai Alhamis, Injiniya." Ban ce masa a'a ba.

Inna ta ba ni ƙunshi da safe ta ce in kai masa. Rigar ce. Ta farke ledar, ta buɗe bakin biyu, ta ƙara mata tsawo da ragowar jaket ɗin. Na shimfiɗa ta a kan ƙarfen kujera, Baba ya ɗora hannun allurar a kai, ta zauna daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu kamar an auna. Ya shafa aljihun ya ce, "Wannan ai tawa ce." Sista mai tabarau ta zo ta juya ta ta duba ɗinkin, ta ce a tambayi mai ita ko za ta yi wa na gado na huɗu.

Mun iso gida da kashi 17. Inna tana bakin ƙofa tun kafin in yi hon. Ba su ce wa juna komai ba sai "Ka rame" da "Kwana bakwai ne fa."

Litinin, 26 ga Mayu

Makaranta. Yara talatin da biyu yanzu sun san kewaye. Gobe asibiti.

Takardar saman soket ta faɗi, ina jin iskar jiya ce. Ban sami gam ba.

Na dawo a gajiye na bar motar a rumfa na shiga wanka. Da na fito na tarar an jona. Wayar a warware, an miƙe ta a bin bango yadda nake yi. Inna na zaune a kujerata da koren yadi a cinya tana yanka na gado na huɗu, Baba a gefe yana ba ta umarnin da ba ta nema ba. Ba ta ɗago ba ta ce, "Sha shida."

Na ce to.

Yanzu na lura rabona da buɗe manhajar tun Juma'a. Mantawa na yi, ina jin.